Yayan Jaye

…kuma yau ɗin ma "kai" ta ce masa. Kai, riƙe ƙwaryar da kyau. Kai, kada ka bar rana ta narkar da man. Kai, in ka isa ka ce wa Jaye… Jaye dai. Sunan yana fita daga bakin Inna sumul, ko gargada babu, sai ka ce ba sunan da matan ƙasar Maraɗi ke tsorata yara da shi ba ne. Shi kuwa Gidaɗo, da furfura ta fara leƙo masa a gemu, har gobe shi "kai" ne. In ya ba da baya, "wancan". Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane, ba ta tambayar ko ya ci ko bai ci ba — kunya ce, pulaku ne, wa zai koya masa? Shi ma tasa ƴar farin bai taɓa kama sunanta ba. Ya sani. Sanin ne dai bai taɓa hana abin yi masa ciwo ba.

Tashar Agiye, ranar kasuwa. An cusa shi kujerar baya ta motar Maraɗi, can jikin taga, gwiwoyi sun tokare ƙarfe, ƙwaryar fura da kwalbar man shanu bisa cinya, an ɗaure su cikin tsohon zanen Inna. Gidan kaso za shi, wurin ƙanensa. Babu wanda ya sani a motar nan, kuma ba a so a sani. Hamdiya matarsa sai da ta biyo shi har bakin burtali tana nanatawa: ya bar malfa a gida, ya sa hula kamar Bahaushe, ya kama bakinsa. Tun da aka kama Jaye ba mai sayen nononta a Gazawa, mata na hango ta sai su ja yaransu su sake layi. Agiye kaɗai ta rage mata, nan ba a san ko matar wa ce ba. In Agiye ma ta gane… to, sai su zauna a ruga su yi ta kallon nono yana tsami. Ya ce mata ya ji. Ya ji mana. Wa ya fi shi iya shiru?

Ga shi kuwa — ba a ko fita daga tasha ba. Budurwar da ke gabansa, mai jan gyale, ta zaro waya. Ba sai ya leƙa ba, da kunne ya haddace bidiyon nan: hayaniyar mutane a ƙofar jandarma, muryar kwamanda, sannan ɗan tarin nan da Jaye ke yi kafin ya yi magana, tun yana yaro. Ankwa a hannu, shi kuma yana murmushi kamar an zo ɗaurin aurensa. Kawuna sun karkata wajen wayar, har direba ya waiwayo.

"Ku diba hwa," in ji budurwar. "Wallahi kyakkyawa ne. Kamar ba shi ba."

Kyakkyawa… Hancin nan da take kallo, ga irinsa a bayanta, da ta miƙa hannu sai ta taɓa shi. Uba ɗaya ya ba su. Idon ma haka. Da ya shigo motar zanenta ta tattare don kada warin shanu ya shafe ta, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Wancan ya shaƙe bayin Allah da igiya, kyakkyawa ne. Wannan tun da aka haife shi ko kazar wani bai taɓa jifa ba, shi kuma wari yake yi.

Kishi yake ji. Gara ya faɗa wa kansa gaskiya, tunda ba mai jin sa. Kishi — na mutumin da ke jiran hukunci, na mutumin da aka tsine wa a kowane masallaci daga Gazawa har Gidan Rumji. Astagfirullah. Wane irin mutum ne zai… Labo fa? Labo mai kanwa, tsohon nan na Cadakori mai bin kasuwanni, wanda in an gama ciniki sai ya ƙara maka dunƙule guda ya ce na saniya mai ciki ne. A gonar wake aka tsince shi, wajen Sae Sabuwa, jakar kanwarsa ko buɗewa ba a yi ba. Wa ke kiran sunan Labo a motar nan? Ba su ma san an yi shi ba. Ya kamata a ce Labo ne ke cikin zuciyarsa yanzu, ya kamata kunya ta rufe shi. Tana rufe shi kuwa, amma ba ta daɗewa, sai idonsa ya koma kan wayar.

Mota ta hau kwalta. Gero dama da hagu, ya fi mutum tsawo, ya fara fitar da kai. Irin gonakin nan ne… Jaye ɗan kabu-kabu ne fa kawai, mai haya da babur. Ya ɗauko mutum a bakin kasuwa da yamma, ya saki hanya, ya shiga tsakanin gero. Da maganar ta yi yawa a Gazawa sai ya koma yamma, wajen su Sae Sabuwa, ya ce wa Inna can an fi samun fasinja. Bai taɓa ɗaukar ko allurar kowa ba. Sai ya cire wa mutum takalma ya jera su gefe, tsaf, kamar a ƙofar masallaci. Mai Jera Takalma — har suna aka raɗa masa. Shi da yake da suna tun farko, wanda ake kira safe da yamma, shi aka ƙara wa wani.

Yanzu musu ake a kan adadi. Alhajin da ke gaba, mai buhunan albasa a saman mota, ya ce sun fi ashirin. Wata tsohuwa ta ce ai waɗanda aka gano ke nan. Ba mai son adadin ya ragu, ya lura da wannan tun tuni, kowa ƙari yake yi kamar ana yabon garken wani. Sai Alhaji ya gyara zama ya ce shi fa yaron nan ya taɓa ɗaukarsa, daga Gazawa har Agiye, addu'ar mahaifiya ce kawai ta fisshe shi. Duk mota ta juya wajensa, shi kuma sai ƙara kumbura yake.

Kowa Jaye ya taɓa ɗaukarsa yanzu. Da duk masu faɗin haka sun hau babur ɗin nan, da tayoyinsa sun cinye tun ba a je ko'ina ba. Shi fa? Shi da suka sha nono ɗaya? Ranar nan, rana tsaka, yana tafe a ƙasa daga kasuwar Gazawa da buhun dusa a ka, ƙafa duk ƙaya — sai ƙarar babur a baya. Ba kowa a kai. Jaye ya danna oda, ya ɗaga hannu, "Hamma, sannu!" ya wuce ya bar masa hayaƙi. Tsofaffin mata kyauta yake kai su gida, har ya sauke musu kaya, shi ya sa ba wanda ya zarge shi. Amma yayansa… ko na kashewa ma bai kai a ɗauka ba. Subhanallahi, ji abin da yake tunani. Ya gyara ƙwaryar, man ya fara laushi ta cikin kwalba.

Igiyar kuma. Alhaji ne ke ba su labarin igiyar yanzu, wai ƙullin tsafi ne, wai a Najeriya ya koyo. Kwamanda ma ya faɗa a rediyo, ya ce bai taɓa ganin ƙulli irin wannan ba, aikin mai kaifin ƙwaƙwalwa ne. Ƙullin dangwali ne fa, wanda ake ɗaure maraƙa da shi kafin tatsa. Kowane yaron ruga ya iya. Ƙarƙashin gawon nan na bayan rijiya, Jaye ko wando bai fara sawa ba, yatsunsa sai zamewa suke, shi ya kama masa hannu — nan, ka zagayo, ka cusa, ka ja. Kwana da kwanaki kafin ya iya. Har yau kuma bai kai shi ba, nasa ƙullin ya fi tsafta, da kwamanda zai ga nasa… Me? Da zai ga nasa sai me? Allah ka shirye shi. Hannunsa ya ɓoye ƙarƙashin zanen Inna.

Ɗan akuyar nan baƙi mai farin goshi. Jaye na da ƴan shekaru, ya danne shi tsakanin gwiwoyi, ya toshe masa baki da hanci, yana kallon idonsa. In ya daina shure-shure sai ya saki, in ya farfaɗo sai ya sake. Ba fushi, ba dariya. Kallo kawai, irin kallon da ake wa tukunya a ga ko ta tafasa. Shi ya gani daga bayan zana, ya kasa motsi. Da ɗan akuyar ya mutu Jaye ne ya fi kowa kuka, har da birgima, Inna ta goya shi duk girmansa tana jijjigawa — Jaye na, yi shiru, Jaye na. Baffa kuma, ubansu, ya ɗauko sanda ya nufo babba, don shi aka bar wa tsaron awaki. Bai faɗa ba. Wa zai faɗa wa? Wadda ba ta kallon fuskarsa? Da ya faɗa… da Labo yana nan yana ƙara wa mutane kanwa? Ba ya son wannan tambayar, ba yau ba.

An tsaya Cadawa, an sauke buhu biyu, an ɗauki wani saurayi mai tabarau da jakar takardu. Malamin lakol ne, makarantar boko, in ji direba, aka matsa masa wuri kusa da tsohuwar. Kafin ya gama zama an miƙa masa wayar.

Ƴan jarida ma sun zo. Daga Yamai, farar mota har cikin ruga, yara na gudu. Suka zaunar da Inna gindin bishiya, idon da ba ya gani sosai tana ƙifta shi, suka kanga mata abin magana. Ita da ba ta magana da baƙi, ranar bakinta ya buɗe: auta ne, ya daɗe yana shan nono, bai taɓa ɗaga mata murya ba, duk zuwan da zai yi sai da sukari da burodi. Shi yana tsaye kusa, ya sa rigarsa ta Idi, yana jira a ce kai fa, malam? Mai ɗaukar hoto ya yafito shi. Ya matso da sauri. Ashe so yake ya ɗan kauce, kuma in ba damuwa ya koro farar saniyar can mai manyan ƙaho ta tsaya bayan tsohuwa. Ya koro ta. Saniyar ta shiga talabijin, an ce har a Yamai an gan ta.

A Gazawa kuma ƙasar ƙofar ɗakin da Jaye ya yi haya ake ɗiba, wai maganin kwarjini, har mai gidan ya gaji ya zuba siminti. Samarin kabu-kabu na karkata hula yadda yake karkatawa. Suna zaginsa, suna karkata hular. Me ya ba su? Kai Jaye, me ka ba su? Shi Gidaɗo, in ban da bana, duk damina yana arewa da shanu, ruwa a kansa, sauro, rigimar manoma, ya dawo da garke ba ko ɗaya da ta ɓace — Inna ta fito, ta bi shanun da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ce wa Hamdiya a ba wancan ruwa. Shi ya haƙa kabarin Baffa. Shi ke ɗora ta a amalanke ya kai ta likita saboda idon. Ba ya cewa a biya shi. Amma babur na yin ƙara daga nesa sai ka ga tsohuwa ta miƙe ba sanda…

Sau ɗaya dai — yana yaro, zazzaɓi ya kwantar da shi a bukka, kowa ya tafi rijiya. Ya ji hannu a goshinsa, mai sanyi, mai ƙanshin man shanu. Bai buɗe ido ba don kada hannun ya gudu. Ita ce? Ko Goggo ce? Ya fi shekara talatin yana juya abin, wani lokaci ita ce, wani lokaci ba ita ba. Goggo ta rasu, ita kuma ba a tambayar ta irin wannan.

Malamin lakol ya mayar da wayar, ya gyara tabarau. Ya ce ba tsafi ba ne, ba aljanu ba ne, masana sun yi bincike a kan irin waɗannan mutane a ƙasashe da dama. Muryarsa a hankali take, ba ta fahariya ba, shi ya sa kowa ya kasa kunne. Ya ce abin daga ƙuruciya yake farawa.

"Galibi za ku taras yaro ne da bai samu uwa ba, ko da tana raye. Ba a jawo shi jiki, ba a kiran shi a yi mishi wasa, shina girma kamar baƙo cikin gidansu. Zuciyar sai ta bushe. Ku bincika, wanga ma haka za a iske."

Tsohuwar ta ce Allah sarki. Budurwar ta ce wallahi har ya ba ta tausai.

Tausayi. Har wannan ma? Har wannan ma shi za a ba? Suna ya kwashe, hanci ya kwashe, ƙullin igiya ya kwashe, saniya ta shiga hoto saboda shi, yanzu kuma… wanda ba a jawo shi jiki ba — wa ke nan? Wanda ya girma kamar baƙo — wa ke nan? Abu ɗaya tak da yake nasa, wanda ba wanda ya taɓa yi masa takara a kai, shi ma an ɗauka an miƙa wa Jaye a cikin mota, ana ce masa Allah sarki. Jaye da aka goya har ƙafarsa na jan ƙasa. Kama bakinka, in ji Hamdiya. Yana kamawa. Haƙoransa ma ciwo suke. Nono, Agiye, yara… ya sani, ya sani. Maganar na tasowa daga ciki, ba ta tsayawa —

"Ba haka ba ne, malam." Muryarsa ce, da harshen ruga a kanta, hular ba ta ɓoye komai ba. "Uwarshi tana son shi. Ga furarta nan, ita ta dama da hannunta. Ni ne yayanshi."

Shiru.

Injin kawai, da buhunan albasa suna gurzar rufi. Alhaji ya juyo, baki buɗe, labarinsa ya mutu a ciki. Tsohuwar ta ja jikinta har ta danne malamin. Direba na kallonsa ta madubi, ya rage gudu ba dalili. Budurwar… ta juyo gaba ɗaya. Tana kallon hancin. Tana kallon idon. Sannan ta sauke ido kan hannuwansa da ke ƙarƙashin zane, ta kasa ɗaukewa. Tsoro suke ji. Shi suke tsoro — Gidaɗo, da ko yaran ruga ba sa tashi in ya shigo. Ba mai tunanin albasa yanzu, ba mai tunanin lakol, ba mai kallon waya. Duk motar nan babu kowa a cikinta sai shi.

Kuma da daɗi. Wayyo, da daɗi. Wani sanyi na sauka daga ƙeyarsa zuwa gadon baya, ƙirjinsa ya buɗe, kamar wanda ya sauke kaya bayan doguwar tafiya. Bai taɓa… tun da yake bai taɓa…

Zuwansa na baya. Jaye ya yi ƙiba a kaso, fatarsa ta yi haske, masu ziyarar wasu sai miƙa wuya suke su gan shi. Bai tambayi idon Inna ba, abin da ya fara tambaya shi ne me ake cewa a kansa a Gazawa. Yana shan fura yana lashe ludayi. Shi kuma ya daure, sau ɗayan nan, ya ce masa da Fulatanci don kada a ji: don me? Ya zaci zai ce Shaiɗan, ko ya ce bai sani ba. Jaye ya yi ɗan tarin nan nasa.

"Hamma, in ka ɗauko mutum a babur, surutu yake yi. Tsadar hatsi, ruwan bana, ciwon ƙafarsa. Da ƙeyarka yake magana, bai san da wa yake tafe ba. Sai ka saki hanya. Zai tambaya, ka ƙyale shi. Zai sake tambaya. Daga nan sai ya yi shiru… Shirun nan, Hamma. Lokacin ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da kowa a duniya sai ni. Kai ba za ka gane ba."

Ranar ya fita ya yi amai a bakin kwata, ya gode wa Allah da bai gane ba. Ya ce jini ɗaya ne, amma ba zuciya ɗaya ba. Ya tafi gida da wannan, shi ya riƙe shi duk watannin nan…

Budurwar ta ɗaga wayar a hankali, ta saita shi. Kafin la'asar fuskarsa ta zaga Agiye, kasuwa mai zuwa Hamdiya za ta sauke ƙwarya mata su ja yaransu. Ya gama da ita. Ya kamata ya kare fuska da hannu, ya ce a yi haƙuri, ya ce wasa yake, ya ce direba ya tsaya ya sauka nan cikin gero. Yanzu ma ba a makara ba, in ya sunkuyar da kai… Wuyan ya ƙi. Ya ji kansa yana gyara zama, yana ɗan juya fuska wajen taga inda haske ya fi. Malamin na motsa baki, zai yi tambaya, shi kuma Gidaɗo ba ya so. Kada ka yi magana, malam. Kada kowa ya yi magana tukuna, a bar shi haka, a bar shi har Maraɗi, ko zuwa gadar can ma… Ya Allah. Ya gane. Inna, ya gane.